Cocin Maryamu na Krakow: wa ya gina shi, kuma me ya rage na asali?

Ɗan Krakow: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Tunda wannan makon maganar tsofaffin gine-gine ake yi, ga tawa gudummawar daga garin da nake karatu. Hoton nan na cocin Maryamu ne, wanda mutanen nan ke kira Mariacki, yana kusurwar babban dandalin kasuwar Krakow a kudancin Poland. Abu biyu nake so ku duba. Hasumiyoyin ba tsawo ɗaya ba ne, ta hagu ta kai wajen mita 81, ta dama 69. Sannan ginin bai daidaita da dandalin ba, a karkace yake, alhali titunan da ke kewaye da shi a miƙe aka yanka su. Injiniya, Baba Magini, ku ne masu sana'ar, me kuka gani?

Mai Gardama: Ai wannan ba ya buƙatar injiniya. Kuɗi ne suka ƙare kafin a kammala ta biyun. Karkacewar kuwa ɗan kwangila ne ya sha kwana.

Malamar Tarihi: Mai Gardama, ka fara ke nan tun ba a zauna ba. Babu wanda ya sha kwana. Cocin ya girmi dandalin, shi ne dalili. Jan Dlugosz, marubucin tarihin Poland na ƙarni na 15, ya ce bishop Iwo Odrowaz ne ya kafa coci a wurin a tsakanin 1221 da 1222. A 1241 rundunar Mongol ta ƙone Krakow. Da aka zo sake gina garin, sarki Boleslaw ya ba shi takardar 'yanci a 1257 bisa dokar birnin Magdeburg, aka auna sabon dandali mai kusan mita 200 a kowane gefe, aka fitar da tituna a jere. To amma wurin ibada ba a ɗaga shi don an ja sabon layi. Aka bar cocin a kan tsohon tushensa yana fuskantar inda yake fuskanta tun farko. Ƙanina Ɗan Krakow, ka duba ƙaramin cocin Wojciech da ke ɗaya kusurwar dandalin, shi ma a karkace yake, dalilinsu ɗaya.

Ɗan Krakow: Haka ne Malama. Shi wannan ƙaramin har nutsewa ya yi, ƙasar dandalin ta taso ta fi tsohuwar ƙofarsa.

Injiniya: Bari in ɗora daga inda Malama ta tsaya, don abin da ke hoton nan ba ginin 1222 ba ne, kuma ba gini ɗaya ba ne ma. A wajen 1290 zuwa 1300 aka tayar da sabon coci na jan bulo a kan tsohon tushen, aka keɓe shi don ibada a wajen 1320. Daga 1355 zuwa 1365 aka rushe ɓangaren gabas, inda bagade yake, aka sake shi da tsawo da dogayen tagogi. Sai 1392 zuwa 1397 magini Mikolaj Werner ya ɗaga zauren tsakiya ya fi na gefe biyu tsawo, ya buɗe tagogi a sama don haske ya shigo. Rufin ya kai mita 28 daga ƙasa. Ƙananan ɗakunan addu'a na gefe an ƙara su tsakanin 1435 da 1446.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tokare bangon. Wanda ya san hoton Notre-Dame ta Paris ya ga waɗancan bakunan dutse da ke fitowa daga jikin gini ta waje suna dafe da bango. Maginan Krakow ba su yi haka ba. Sun manna tokarar a bayan kowane ginshiƙi, ta cikin zaurukan gefe, ta hau ta fito ta saman rufinsu tana bin bango. Babu abin da ke rataye a waje da ruwa da ƙanƙara za su ci. A ƙasar da ruwa ke shiga tsagar bulo ya daskare ya fasa shi duk hunturu, wannan dabara ce ta mai hankali. Haka aka gina sauran manyan cocin garin na wancan zamani, har masana gini na kiran salon da sunan Krakow.

Baba Magini: Injiniya, Allah ya ƙara sani. Ni dai ginin ƙasa na gada, amma da jikana ya faɗaɗa mini hoton cikin, sai na ga abin da na sani. Waɗancan jijiyoyin da ke tashi daga kan ginshiƙi su haɗu a tsakiyar rufi, ai aikin bakan gizo ke nan. Rufi ba ya zama a kan bango gaba ɗaya, baka ke ɗaukar nauyin ta sauke shi a ƙafa. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ga yadda Babban Gwani ya yi nasa da azara da ƙasa. Tambayata, da me suka haɗa bulon, tunda babu siminti? Kuma mita 28 ba wasa ba ce, bai taɓa ruftawa ba?

Injiniya: Baba, da farar ƙasa da aka gasa daga dutse aka kwaɓa da yashi. Tana daɗewa kafin ta kama, amma tana da sassauci, in gini ya ɗan motsa ba ta tsagewa nan take. Dutsen farar ƙasar ma akwai shi a kewayen Krakow, da shi suka yi bakin tagogi da ƙofofi da jijiyoyin da ka gani, bulo kuma ya cike sauran. Bambancin bakarsu da taku shi ne tasu mai tsini ce a sama, saboda haka nauyin ya fi gangarowa ƙasa maimakon ya tura bango waje. Rufta kuwa ya taɓa yi. A farkon shekarun 1440 rufin ɓangaren bagade ya faɗi, wani magini mai suna Czipser ya sake shi.

Mai Gardama: To duk na ji. Hasumiyar fa? Har yanzu ba wanda ya ƙaryata maganata.

Ɗan Krakow: Yaya Mai Gardama, masu yawo da baƙi a nan wani labari suke bayarwa. Wai wa da ƙane aka ba aikin, kowa da hasumiyarsa. Da ɗayan ya ga ta ɗan'uwansa na wuce tasa sai ya soke shi da wuƙa, daga baya nadama ta sa ya faɗo daga sama. Har wuƙar suna nunawa, tana rataye da sarƙa a wata ƙofar Sukiennice, tsohuwar rumfar 'yan tufafi da ke tsakiyar dandalin.

Baba Magini: Ikon Allah. Mu ma haka ake faɗa a kan Babban Gwani, wai da ya gama wani masallaci aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Duk inda gini ya yi kyau sai an nemo masa jini.

Malamar Tarihi: Baba ka gama magana. Wuƙar nan ta fi kama da gargaɗi ga ɓarayin kasuwa, don dokar wancan lokaci tana yanke kunne da hannu. Gaskiyar hasumiyoyin ba ta da daɗin ji kamar tatsuniyar: aikinsu ne ya bambanta. Gajeriyar ta coci ce, a nan ƙararrawa suke, kuma hular da ke kanta ta 1592 ce. Doguwar ta gari ce. Majalisar birni ce ta ƙara mata tsawo a farkon ƙarni na 15 don mai gadi ya zauna a sama yana hangen gobara da abokan gaba. A 1478 kafinta Maciej Heringk ya ɗora mata wannan kan mai tsini da ƙananan tsinaye takwas kewaye da shi, katako ne aka lulluɓe da darma. Kambin zinariyar da ke jikin tsinin an sa shi a 1666.

Kuma a nan nake so a tsaya, don shi ne zuciyar maganar. Mariacki ba cocin sarki ba ne, ba kuma kujerar bishop ba. Waɗannan suna kan tudun Wawel, inda aka riƙa naɗa sarakunan Poland daga 1320 aka kuma riƙa binne su. Wannan na kasuwa cocin 'yan gari ne, fatake da masu sana'a. Ɓangaren bagaden da Injiniya ya ambata, attajiri Mikolaj Wierzynek ne ya biya kuɗinsa. Ɗakunan gefen nan iyalan masu kuɗi da ƙungiyoyin sana'a ne suka riƙe su. A lokacin garin yana cin ribar gishirin Wieliczka da Bochnia, da jan ƙarfen Hungary da ke wucewa zuwa tekun Baltik, da tufafin da ke zuwa daga yamma. Masu wannan dukiya suna so a san cewa ba fada kaɗai ke iya gini ba. Mutanen da suka iya wannan ba kuɗin hasumiya ne zai gagare su ba, Mai Gardama.

Mai Gardama: Malama, a bar ni da ra'ayina, ba a kan takarda na sa hannu ba.

Ɗan Krakow: Mai gadin ma har yau yana nan, sai dai yanzu 'yan kwana-kwana ne ke aikin. Kowace awa, dare da rana, ɗayansu zai buga ƙararrawa sannan ya buɗe taga ya busa ƙaho sau huɗu, kowace kusurwa sau ɗaya, yana farawa da ɓangaren Wawel. Sunan busar hejnal. Abin da kowa ke lura da shi, ba ta ƙarewa, tana katsewa ne a tsakiya. Ta ƙarfe 12 na rana gidan rediyon ƙasar na watsa ta kai tsaye tun 1927. Bayanin da ake bayarwa shi ne a 1241 mai gadi ya hango Tatar, kamar yadda suke kiran rundunar Mongol ɗin nan, ya fara busa don a rufe ƙofofin gari, kibiya ta same shi a maƙogwaro.

Abu Hanifa: To ga irinta nan. Tatar ai Musulmi ne. Wato duk awa ɗaya ana tuna wa mutane cewa Musulmi ne suka kashe musu mai busa. Haka Turawa suke, komai sai sun jingina mana.

Malamar Tarihi: Malam Abu Hanifa, Allah ya gafarta malam, a nan kam ba haka ba ne. Rundunar da ta shiga Poland a 1241 ta jikokin Genghis Khan ce, kuma shugabanninta ba Musulmi ba ne a lokacin. Danginsu ne suka rusa Bagadaza a 1258 suka kashe halifa. Musulunci ya zama addinin daular Mongol ta yammacin nan ne daga baya, musamman zamanin Uzbek Khan da ya hau a 1313. Tatar Musulmi da suka zauna a ƙasashen Lithuania da Poland tun ƙarshen ƙarni na 14 kuwa sojojin sarakunan ƙasar ne. Sarki Jan Sobieski ya ba su filaye a 1679, kuma masallatansu na katako suna nan a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki, ana salla a ciki.

Ita kanta kibiyar akwai magana a kanta. Littafin kuɗin birni ya nuna ana biyan mai busa tun 1392, wannan tabbas ne. Amma a 1241 wannan hasumiyar ba ta wanzu ba, balle tagar da za a harbo mutum. Labarin kibiyar ya bazu ne da wani littafin yara da Ba'amurke Eric Kelly ya fitar a 1928 bayan ya koyar a jami'ar Krakow. Busar tsohuwa ce, labarin ne sabo.

Abu Hanifa: Na ji bayanin Mongol. Amma je ki tambayi mai yawo da baƙi, shi Tatar kawai zai ce, ba zai tsaya rarrabewa ba.

Ɗan Krakow: Wannan kam gaskiya ne Malam, ba sa rarrabewa. Sai dai su a wajensu busar ta wuce maganar Tatar. A ranar 18 ga Mayu 1944, da sojojin Poland suka kama tudun Monte Cassino a Italiya, ita wani soja ya busa a kan kangon gidan ibadar da ke saman tudun.

Sabon Shiga: Don Allah wai zauren nan na tarihi ne ko na tallar coci? Tun safe coci coci.

Shugaban Zaure: Ɗan'uwa, makon jiya kwana uku muka yi a kan masallacin Agadez, Katikis na cikin waɗanda suka fi yin tambaya. Zauren gini ne da tarihi. Wanda bai da sha'awa ya jira maudu'i na gaba. A ci gaba.

Katikis: Na gode Shugaba. Salama gare ku duka. Ni abin da nake jira a iso shi ne bagaden, don mu Katolika in an ce Mariacki shi muke fara tunawa. Cikakken sunan cocin na ɗaukar Maryamu zuwa sama ne, idin da muke yi ranar 15 ga Agusta, kuma abin da aka sassaƙa ke nan. Bagaden kamar babban kabad ne mai ƙofofi, tsawonsa wajen mita 13, faɗinsa 11 in an buɗe. A tsakiya Maryamu ce a durƙushe tana barin duniya, manzanni sun kewaye ta, ɗaya ya tallafe ta. Sama da su Yesu ne yana karɓar ta, can ƙoli kuma ana sa mata kambi, Stanislaw da Wojciech, waliyyan Poland, suna gefe. In ƙofofin na buɗe ana ganin al'amura shida na farin ciki, daga albishir ɗin mala'ika zuwa saukowar Ruhu Mai Tsarki. In an rufe, goma sha biyu ne daga rayuwar Maryamu da shan wuyar Yesu. A da sai manyan idi ake buɗewa, sauran kwanaki a rufe yake. Ku tuna yawancin masu zuwa sujada a lokacin ba su iya karatu ba, addu'ar kuma da Latin ake yi. Wannan katakon shi ne littafinsu.

Abu Hanifa: Katikis, mu dai ka san matsayinmu a kan sassaƙa siffar annabawa da salihai, ba ma yi. Amma Nana Maryamu tana da sura guda da sunanta a Alƙur'ani, darajarta ba abin musu ba ce a wajenmu.

Katikis: Na sani Malam, kuma na girmama hakan. Mu ma ba katakon muke yi wa sujada ba. Wannan muhawara ce ta wani zauren.

Kafintan Sabon Gari: Ni ta ɓangaren sana'a nake tambaya. Wane itace ne, kuma mutum nawa suka yi?

Na Nuremberg: Yawwa, an zo unguwarmu. Maigida Kafinta, jikin kabad ɗin itacen oak ne, siffofin kuma linden, wani itace mai laushi da ba ya tsagewa a bakin kurfi. Siffofi wajen 200 ne, manyan na tsakiya sun kai mita 2.7, kowanne daga gungume ɗaya aka fitar da shi aka rarake bayansa don kada ya fashe in ya bushe. Bayan sassaƙa sai fenti da zinariya. Mai aikin kuma, a yi haƙuri, mutumin garin da nake zaune ne. Veit Stoss, Bajamushe, ya bar Nuremberg a 1477 ya tafi Krakow, ya yi shekara 12 a kan bagaden da yaran shagonsa, ya gama a 1489. An biya tsabar zinariya, wato florin, 2,808, kusan kuɗin da birnin ke kashewa a shekara guda. Saboda haka in ana maganar gwanintar Mariacki, a ce aikin Jamus ne da ke zaune a Poland.

Ɗan Krakow: Yaya, ka zo nan ka faɗi haka a dandali ka gani. Su Wit Stwosz suke kiransa, yaran firamare ma sun san sunan.

Na Nuremberg: Su kira shi duk abin da suke so, ƙanina. A Jamus aka haife shi, a Nuremberg ya mutu a 1533. Kuma ba shi kaɗai ba, attajiran da suka biya kuɗin yawancinsu Jamusanci suke yi a gida. Wa'azi ma a babban cocin da Jamusanci ake yi, masu harshen Poland sai su koma ƙaramin cocin Barbara da ke bayansa. Ƙarya nake yi, Malama?

Malamar Tarihi: Ba ƙarya kake yi ba, rabi ka faɗa. Gaskiya ne bayan 1257 Jamusawa da yawa sun zo sun zauna, sun riƙe majalisar gari da kasuwa. Gaskiya ne wa'azin Jamusanci ya daɗe a Mariacki, sai a 1537 sarki Zygmunt na Ɗaya ya juya abin, harshen Poland ya dawo babban coci, Jamusanci ya koma Barbara. Amma waɗannan mutane talakawan sarkin Poland ne, a Krakow aka haifi kakanninsu, a nan suke biyan haraji, a maƙabartar da ke kewaye da cocin ake binne su. A 1480 babu wata ƙasa mai suna Jamus da za su ce tasu ce. In ka tambayi ɗayansu shi ɗan ina ne, ɗan Krakow zai ce maka.

Shi Stoss kuma ka faɗi yadda garinku ya yi masa mana. A Krakow ya yi kusan shekara 20 cikin daraja, majalisa ta yafe masa haraji, shi ya sassaƙa kabarin sarki Kazimierz na Huɗu a Wawel a 1492. Ya koma Nuremberg a 1496, ya zuba dukiyarsa a hannun wani ɗan kasuwa ta salwanta, ya ƙirƙiri takardar bashi ta jabu don ya ƙwato kuɗinsa, aka kama shi. A 1503 aka yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a kumatu biyu a bainar jama'a, aka hana shi fita gari sai da izini.

Na Nuremberg: Laifi ya yi aka hukunta shi, kuma hukuncin jabu a lokacin kisa ne, sassauci aka yi masa. Daga baya sarki Maximilian ya yafe masa, ya ci gaba da aiki. Babban aikinsa na albishir ɗin mala'ika yana rataye a cocin Lorenz a nan, na 1518.

Malamar Tarihi: To ka ga irin wannan magana ta "namu ne" ita ta kai ga abin da ya faru a 1939. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya matso, 'yan Poland suka kwance manyan siffofin suka sa a jirgin ruwa a kogin Vistula zuwa Sandomierz suka ɓoye. 'Yan Nazi suka gano su, suka kwashe, suka haɗa da sauran bagaden suka kai Nuremberg da hujjar cewa kayan Jamus ne ya koma gida. A wani rami ƙarƙashin fadar garin aka ajiye shi. Bama-bamai sun rusa tsohon birnin Nuremberg, ramin ya tsira. Sojojin Amurka suka same shi, masanin tarihin zane Karol Estreicher ya rako shi a jirgin ƙasa zuwa Krakow a 1946. Gyara ya ɗauki shekaru, sai 1957 ya koma mazauninsa.

Na Nuremberg: Haba Malama, kada ki haɗa ni da waɗancan. Ramin ma yanzu gidan tarihi ne, kuma ba a ɓoye cewa sato bagaden aka yi. Ni dai cewa na yi hannun da ya yi aikin daga nan ya fito.

Kafintan Sabon Gari: Ku dai ku yi ta ja. Ni na faɗaɗa hoton ƙafafun manzannin nan, har jijiyoyin ƙwauri da kumburin gwiwa ana gani. Wanda ya yi wannan ya zauna ya kalli tsofaffi sosai.

Ɗan Krakow: Maigida, haka ake cewa, wai mutanen gari ya riƙa kallo yana sassaƙawa. Har wani likitan fata na jami'ar nan ya taɓa rubuta nazari a kan cututtukan da ake iya ganewa a jikin siffofin. Tufafi da takalma da kayan ɗaki da ke ciki duk na Krakow ne na shekarun 1480, ba na Falasɗinu ba.

Mai Gardama: Bari in dawo. An ce busa tsohuwa ce amma labarinta na 1928 ne. Kambi na 1666. Hular ɗaya hasumiyar 1592. Bagade an kwance shi an kai Jamus an dawo da shi an gyara. To wannan shuɗin rufin mai taurarin zinariya da Ɗan Krakow ya turo, shi ma na zamanin da ne, ko shi ma jiya aka shafa?

Injiniya: A nan kam ka taɓo wani abu. Fentin ba na zamanin da ba ne. A tsakiyar ƙarni na 18 babban limamin cocin, Jacek Lopacki, ya sa aka sauya cikin zuwa salon Barok mai yawan ado da ake yayi, Francesco Placidi ɗan Italiya ya yi aikin, shi ya gina shirayin da ke bakin ƙofar yamma. Sai daga 1887 zuwa 1891 aka ce a mayar da shi kamannin Gotik, wato salonsa na ƙarni na 14 mai baka masu tsini, ƙarƙashin Tadeusz Stryjenski. Zanen bango da taurarin rufin Jan Matejko ne ya tsara su, ɗalibansa Stanislaw Wyspianski da Jozef Mehoffer suka taya shi. A lokacin babu ƙasar Poland a taswira, Krakow na hannun Austriya, saboda haka aikin ya zama hanyar nuna cewa al'ummar na nan da ranta. Abin da ka gani a bango tunanin mutanen 1890 ne game da yadda 1390 ya kamata ya kasance.

Mai Gardama: Alhamdu lillahi. Ashe dai sabon gini ne da tsohon suna.

Injiniya: A'a, kada ka wuce gona da iri. Bangon bulo, ginshiƙai, tsarin tokara, hasumiyoyi biyu, duk na ƙarni na 14 da 15 ne. Dogayen tagogi uku da ke bayan bagade har yanzu suna ɗauke da gilasai masu launi na ƙarshen ƙarni na 14, fiye da guda 100. Akwai gicciyen dutse da Stoss ya sassaƙa a zauren kudu. Har ƙarafunan da ake saƙala wa masu laifi a wuya don a kunyata su suna nan a bakin ƙofar gefe. Fenti fata ce kawai.

Baba Magini: Mai Gardama, ɗana, ginin da ake amfani da shi dole a taɓa shi. Mu duk shekara sai mun yi yaɓe kafin damina, ba wanda ya ce gidan ya zama sabo. Wanda ba a taɓawa shi ne wanda aka gudu aka bari.

Katikis: Kuma ana amfani da shi ɗin, Baba. Ikilisiya ce mai rai, ana Mas kullum. Fafaroma ya ba shi matsayin basilika, wato coci mai daraja ta musamman, a 1962, UNESCO kuma ta sa tsohon birnin cikin jerinta na farko na wuraren tarihi na duniya a 1978, shekarar da babban bishop na garin, Karol Wojtyla, ya zama Fafaroma John Paul na Biyu. Ɗan Krakow, ana barin wanda ba Kirista ba ya shiga?

Ɗan Krakow: Ana bari, Baba Katikis. An raba shi biyu. Ƙofar gaba ta masu addu'a ce, kyauta, ba a ɗaukar hoto. Masu kallo ta ƙofar gefe suke shiga da tikiti, su ne ke isa kusa da bagaden. Ana buɗe ƙofofinsa da ƙarfe 11:50 na safe, wata sista ce ke jan su da doguwar sanda. An gama wani babban gyaransa a 2021, an cire dattin shekaru da fentin da aka yi ta ƙarawa, launukan sun fi haske yanzu.

Mai Gardama: Kun ji ko? An sake gyarawa a 2021. Ni fa ban ga abin da ya rage na Stoss ba.

Malamar Tarihi: Wannan gyaran cirewa aka yi, ba ƙari ba. Abin da masu gyaran baya suka shafa a kai aka kankare don a kai ga launin da ke ƙasa. Katakon da ke wurin yau shi ne wanda ya fita daga shagonsa a 1489.